Juma'ar da Aka Jera Sanduna a Bakin Filin Faifai

Shekara goma ke nan da muka binne ƙanena Malam Isiyaku. A lokacin da yake raye, idan aka gama girbi a ƙauyenmu, wanda ke kan hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa kusa da bakin dajin Falgore, manomi ne ke aika wa Bafillace goro ya roƙe shi ya kawo shanunsa su kwana a gonarsa, su ci kara su bar masa taki. Yau kuwa manomi na gama yanke dawa yake ɗaure karan ya kai gida, ya sayi takin zamani a buhu, in ya hango ƙahon saniya daga nesa sai ya fara tunanin inda ya ajiye addarsa. Burtalin da muka tashi muka tarar garke biyu na iya giftawa a cikinsa, yanzu saniya ɗaya ma sai ta shafi shuka hagu da dama. Ina ganin wannan kullum, kuma gabana faɗuwa yake. Shi ya sa bana na ce ba zan bar ranar ta wuce da addu'a kaɗai ba, zan rubuta abin da na gani da idona a filinsa wata Juma'a.

Na girme shi nesa ba kusa ba, a hannuna ya tashi bayan rasuwar mahaifinmu. Ni fataucin shanu da goro ne ya ɗauke ni tun ina saurayi. Na kai garke Ikko da ƙafa kafin a fara loda su a mota, na zauna a Kumasi, na yi Marwa da Garwa a Kamaru, na keta Chadi da Sudan a tafiyata ta farko zuwa Makka. A hanya na tsinci Fulatanci da Yarabanci da Larabcin Shuwa, da ɗan Faransancin da zai raba ni da jandarma. Shi kuwa boko aka sa shi, ya fito malamin gona. Bai taɓa wuce Zariya ba, amma daga Zariyar ya ɗauko abin da ni duk yawona ban taɓa gani ba.

An tura shi kwas ɗin noman rani, ya dawo da faifai uku na roba a jakarsa, kowanne kamar murfin kwanon tuwo, mai lanƙwasasshen baki. Wani Baturen da ya koyar da su ne ya nuna musu wasan, da zai tafi ya bar masa. Turawa na da sunan da suke kiransa, mu dai faifai muka ce, sunan kuma ya bi shi. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mutum bakwai nan, bakwai can. Wanda faifai ke hannunsa ba ya gudu, tsayawa yake ya wurga wa ɗan'uwansa, wannan ma ya wurga wa na gaba, har wani ya cafe a cikin gidan abokan karawa, wato can ƙarshen fili. In ya faɗi ƙasa ya koma hannun ɗaya ɓangaren. Ba ture, ba riƙo, ba duka. Kuma ba alƙali. Wanda aka taɓa shi ne zai buɗe baki ya ce an taɓa shi, a tsaya, su biyun su daidaita, a ci gaba.

Da farko dariya aka yi masa, aka ce malamin gona ya bar taki ya koma jifa da murfi. Wata gwaggonmu ta aiko masa cewa mai wurgi da murfin abinci arziki yake kora. Bai kula ba. Ya share wata saura a bayan makarantar firamare, ya fara da samarin da suka gama aikin gona ba su da abin yi sai zaman gindin bishiya. Na sha tsayawa ina kallon yadda yake koyarwa. Ba ya yawan bayani. Sai ya kama hannun mutum ya ce masa ya yi kamar zai yafa irin shinkafa a fadama, ƙarfin a wuyan hannu yake ba a kafaɗa ba. Cafewa kuwa, ya ce a yi kamar ana tafa sauro. Da yake faifan uku ne kacal, masu koyo da murfin bokitin roba suke farawa, sai hannu ya faɗa a ba mutum na gaske ya taɓa. Yana da doka biyu da ba Bature ne ya ba shi ba. Sabon zuwa shi ake fara wurga wa, ko da kuwa kullum yarwa zai yi. Kuma duk wanda ya iya, sai ya zo da wanda bai iya ba ya koya masa. Da haka abin ya yaɗu. Babur ɗin da aka ba shi na zagayen gonaki ya kai wasan Tudun Wada, ya kai shi Bebeji, ya kai shi Kiru har Badafi. In ya gama nuna wa manoma tazarar shuka da yadda ake feshi, sai ya zaro faifai daga jaka. Ɗaya daga cikin ukun a Kiru ya bar shi, a shagon wani tela da ya riƙe shi kamar amanar marayu.

Ni abin da ban yarda da shi ba tun farko shi ne rashin alƙali. Na ga ƙwallo a Kumasi inda alƙalin ya sha da ƙyar ta kan katanga, amma dai da shi aka fara. Na ga kokawa a Damagaram, na ga damben mahauta a garuruwa da yawa, ko'ina akwai mai shiga tsakani. Na gaya masa ba a barin ɗan Adam da kansa a wurin da ake neman nasara. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, in akwai alƙali, yaro yakan yi laifi ya waiga ya ga ko an gani. In babu, wa zai waiga ya duba?" Na ce masa wannan maganar littafi ce.

A kaka ta uku Fulani suka shigo. Samarin rugar Arɗo, wadda ke sauka a gefen gari duk bayan girbi, sukan tsaya daga nesa sun dogara da sanda, suna kallo. Wata rana iska ta ɗauke faifan ta yi wajensu, sai wani dogon saurayi mai suna Yero, ɗan Arɗon, ya miƙa hannu ɗaya ya cafe bai ko saki sandarsa ba. Isiyaku ya bi dokarsa ta sabon zuwa, ya yafito shi. Cikin 'yan makonni sai ga shi sun fi 'yan gari. Mutumin da ya tashi yana tare maraƙi a daji ya san inda abu mai gudu zai nufa tun kafin ya nufa, kuma ya san iska. Suka yi yawan da za su tsayar da nasu bakwai, aka fara karawa duk Juma'a bayan la'asar, ruga da gari. Ni lokacin ina yawan zuwa Ikko, labari nake samu a bakin Isiyaku. Yakan ce bai taɓa ganin masu tsabtar wasa irinsu ba, tun da suka fara ko sau ɗaya ba su ce an taɓa su ba.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawa ta yi ƙaranci, shanu suka matso gari tun wake bai gama bushewa ba. Wani garke ya shiga wata gonar wake ya share ta, ba a jima ba aka tsinci wata saniya an sare ta a agara. A duka ɓangarorin ba wanda ya ce shi ne. Maigari da Arɗo suka zauna, suka tashi ba a gama ba. Matan ruga suka daina shigo da nono cikin gari, sai su tsaya a bakin titi. Wanda ya san ƙauye ya san in nono ya daina shigowa, to ruwa bai yi tsami banza ba. Gonar waken ta gidan su Garba ce, wani ƙaton saurayi da ake ce wa Garba Tirela, kuma shi ne ke tsaron Yero a fili. Duk da haka wasan Juma'a bai tsaya ba, Isiyaku yana ganin wannan alamar alheri ce.

Ana cikin haka na je rugar tayin wani bijimi. Arɗo abokin cinikina ne na shekaru, da Fulatanci muke magana. Gaisuwar ranar ta yi tsawo fiye da kullum. Yero ne ya kawo mini tabarma, na lura da hagu yake komai, hannun daman yana cikin riga. Da ya sunkuya na ga yatsu biyu an ɗaure su da kara da tsumma, kuma yana numfashi a hankali kamar mai ciwon haƙarƙari. Na tambaye shi, ya ce ba komai, ya wuce. Arɗo ya daɗe yana kallon shanunsa, sannan ya ce, "Alhaji, ƙanenka mutumin kirki ne. Amma ya kawo wasan da za a doki mutum, sannan a ce shi zai tsaya a gaban jama'a ya ce an doke shi. Ɗan da na haifa? Gara ya mutu."

A nan komai ya bayyana gare ni. Fulaku ne, wato kunya da juriyar da Bafillace ke rainon ɗansa a kai. Yaron da aka shirya shi ya tsaya a filin shaɗi a zuba masa bulala yana duba madubi yana murmushi, shi ake jira ya ɗaga hannu ya ce wane ya taka ni. Duk makonnin nan ana gwabje su da gwiwar hannu, ana take su, suna haɗiyewa. 'Yan gari kuwa, tun da ba a ce an taɓa ba, sai suka ɗauka babu laifi, kowace Juma'a suna ƙarawa. Abin da Isiyaku ke kira tsabtar wasa, ciwo ne ake tarawa. Kuma a shaɗi, wanda ya sha bulala bai motsa ba yana da ranar ramawa.

Da zan tafi Arɗo ya raka ni. Muka ratsa ta bayan bukkoki, na ga samari zaune suna shafa wa sandunansu man shanu. Suna ganina suka yi shiru. Arɗo ya gaya mini sun aika wa 'yan'uwansu na rugagen cikin daji, sun ce su zo kallo ranar Juma'a. Ya ce ya yi magana, amma haƙurin tsoho ba ya shiga cikin yaro.

A wata kasuwar shanu a Chadi na taɓa ganin yadda irin wannan ke ƙarewa. Rigimar layin shayar da dabbobi ce a bakin rijiya, ko zagi ba a yi ba, kowa ya yi shiru ya koma. Ranar kasuwa ta gaba muna cikin ciniki muka ga mata suna tattara ƙorensu tun rana ba ta yi tsaka ba. Na wuni kwance a ƙarƙashin wata babbar mota ina jin abin da ba zan rubuta a jarida ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, balle ni da macijin kansa na gani. Hanyar ruga zuwa gari ba ta da nisa, amma ranar sai da na tsaya na huta a cikinta.

Na sami Isiyaku a ɗakin da ake ajiye taki. Ina yi masa bayani ina ganin fuskarsa na sauyawa, har ya nemi buhu ya zauna. Na ce ya soke wasan, ya hau babur ɗinsa ya tafi Kano wurin 'yar'uwarmu har Fulanin su tashi. Ya ce, "Yaya, in na soke, sandunan nan ba komawa rataye za su yi ba. A hanyar gona za su sami Garba, inda babu kowa. Daga nan kuma kai ka san abin da gari zai yi wa ruga." Na ce to a kira 'yan sanda daga Tudun Wada. Ya ce su zo su kama wa, alhali ba a yi komai ba tukuna, kuma in aka ga kaki a fili ruga za ta ce gari ya kira musu hukuma. Na yi masa faɗa irin na wa, na tuna masa matarsa da 'ya'yansa ƙanana. Amma bai sauya ba.

Muka je tare wurin Garba, muka same shi yana bugun ɗan abin da ya rage na waken. Bai musa ba. Ya ce Malam ne ya kafa doka, wanda aka taɓa ya faɗa, shi kuwa bai taɓa jin Fillo ya faɗa ba. Sai ya ƙara da abin da ya fi ba ni tsoro. Ya ce shirun nan raini ne: shanunsu sun cinye maka abincin shekara, ka bugi mutum, ya dube ka ya yi murmushi kamar ba ka isa ka ji masa ciwo ba. Ya ce yana ƙara ƙarfi ne don ya ga ranar da zai ce wayyo. Isiyaku ya tsuguna ya yi masa bayanin abin da shirun ke nufi da abin da ke zuwa. Garba ya ci gaba da bugun wakensa. Haka muka baro shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar na isa filin na tarar da abin da nake tsoro. Fulanin da suka zo sun ninka na kullum, akwai fuskokin da ban sani ba. Ba su riƙe sandunan a hannu ba. Sun jera su a ƙasa a bakin fili, kowa ya tsaya a bayan tasa, sandunan na ƙyalli da mai. A ɗaya gefen 'yan gari sun cika gindin ɗorawa, wasu da fartanya wasu da lauje kamar daga gona suke, alhali an daɗe da gama aiki. Babu mace ko ɗaya, babu mai tallar gyaɗa, an kore ƙananan yara. Na tsaya a ƙarshen fili inda ba na kowa ba, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Isiyaku ya shiga tsakiya ya ce yau shi ma zai buga, a ɓangaren gari. Ya kira ni ya roƙe ni in mayar da maganarsa Fulatanci, ko da yake duk suna jin Hausa, don yana so su ji da harshen gida. Ya ce ya ɗauko doka daga inda aka yi ta, ya kawo ta nan bai tambayi mutanen wurin ba. Daga yau ta juya. Wanda aka taɓa ba zai ce komai ba. Wanda ya taɓa shi ne zai tsaya ya faɗa da bakinsa, ya ɗauki faifan ya miƙa. Na fassara. Wani daga gindin ɗorawa ya tambaya, to in mutum bai faɗa ba fa. Isiyaku ya ce to kowa ya gani, shi ma ya sani.

Aka fara. Ban taɓa ganin wasa mai shiru irin wannan ba, ƙarar ƙafa kawai ake ji. Ba a jima ba Isiyaku ya yi karo da wani ɗan ruga kafaɗa da kafaɗa. Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi. Ya tsaya cak ya ɗaga hannu ya ce shi ne ya ture shi, ya ɗauko faifan ya kaɗe, ya miƙa masa da hannu biyu. Malamin gwamnati guda, a gaban yaron da bai kai rabin shekarunsa ba. Wasu 'yan gari suka yi tsaki. Can kuma wani ɗan ruga ya taka ɗan gari, ya tsaya ya rasa yadda zai yi, ya ɗaga hannu kawai ba magana, aka karɓa a haka.

Sai aka wurga dogo, can cikin gida, kusa da inda nake tsaye. Yero ya bi, Garba na bayansa. Suka tashi sama tare. Yero ya miƙa hannun dama, mai ɗaurin nan, Garba ya kai duka wai faifan zai kaɗe, dukan ya sauka a kan yatsun. Na ji ƙarar da kunnena. Faifan ya faɗi ya gangara a kan gefensa har ya kwanta. Yero ya miƙe tsaye, ya sauke hannun a gefensa, ya dubi Garba, ya yi murmushi.

'Yan gari da yawa sun ɗauka abin ya wuce. Ni na san murmushin, na gan shi a filayen shaɗi tun daga Marwa har nan. Na waiga na ga layin Fulani ya sunkuya kusan gaba ɗaya, hannaye sun sauka a kan sanduna, ba a dai ɗaga ba. A gindin ɗorawa aka fara miƙewa. Isiyaku ya zo ya tsaya kusa da Yero da Garba, bai buɗe baki ba, don in ya faɗa a madadin Garba ya zama alƙali, dokar ta mutu ranar da aka haife ta. Na san in sanda ta farko ta tashi, a kansa za ta fara sauka, kuma ba ni da abin da zan tare ta da shi.

Garba ya tsaya yana haki. Ya dubi gindin ɗorawa, ya dubi ƙasa. Wani ƙanen babansa ya ɗaga murya ya ce masa kada ya kuskura, wake bai dawo ba. Sai Garba ya taka, ya sunkuya ya ɗauki faifan, ya faɗi wata magana can ƙasa da ni da Yero da Isiyaku kaɗai muka ji. Da ya ga layin sanduna bai motsa ba, ya sake faɗa da ƙarfi kamar mai faɗa da wani.

"Na ce ni na buge shi. Yatsun nan ma ni na karya. Da haƙarƙarin."

Ya miƙa faifan. Yero ya bar shi da hannu a miƙe na ɗan lokaci. Sannan ya karɓa da hagu, ya kira shi yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce da Hausa yadda kowa zai ji, "Kaɗo, ashe taɓa ni ka yi? Ban ji ba."

"Ƙarya kake, Fillo," in ji Garba. "Ni da na ji ƙashin."

Wani dattijo a layin Fulani ya fara dariya, hannaye suka bar sanduna ɗaya bayan ɗaya. An wanke Yero a gaban jama'a, kuma bai buɗe baki ya kai ƙara ba. Aka ci gaba da wasa. Ban san wanda ya ci ba, ni dai na zauna a ƙasa cikin babbar rigata.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba. Wasu baƙin samarin sun ɗauki sandunansu sun tafi ransu a ɓace. Ƙanen baban Garba bai sake amsa gaisuwar Isiyaku ba. Maganar wake da saniya ta ɗauki dattawa har ƙarshen rani, yatsun Yero kuwa ba su ƙara miƙewa ba. Amma ba a zubar da jini ba. Isiyaku ya daina haɗa ruga da gari, sai ya riƙa cakuɗa su kowace Juma'a, ya kuma zagaya duk inda ya kai wasan ya juya dokar. Ya gaya mini ya yi kwana biyu ba ya iya cin abinci bayan wasan nan.

Bayan shekara biyu sanƙarau ya ɗauke shi a zafin bazara, cikin 'yan kwanaki, bai cika arba'in ba. Fulanin sun riga sun yi kudu neman ruwa. Sai da damina ta faɗi Yero ya zo ta'aziyya, ya yi gaisuwa, ya zauna a zaure ya daɗe, ya tashi ya tafi.

Nakan tambayi kaina abin da Isiyaku zai ce in ya ga yau. Samarin da ya kamata a ce suna fili sun tafi achaɓa, da yamma suna gidan kallo suna koyon yadda ɗan ƙwallo ke faɗuwa yana birgima don alƙali ya gan shi. A Bebeji wasan ya mutu, a Kiru ana yi ana bari. Direbobi sun fara jiran juna a bakin dajin Falgore kafin su shiga, kuma duk abin da ya faru a cikinsa sai a ɗora wa duk mai sanda da hula, ba a tambayi ko wace ruga ba ce. Abin da ya fi tsorata ni shi ne samarin da ke tasowa a ɓangarorin biyu, waɗanda kafaɗarsu ba ta taɓa gogar juna ba ko a wasa. Na zagaya ƙasashe na ga inda hakan ke kai mutane, kuma ni tsoho ne, ba na barcin kirki idan wake ya fara bushewa. Ina jin shi ma tsoron zai ji, irin wanda ya ji ranar nan, sannan ya ɗauki jakarsa ya nufi fili.

Filin yana nan, an nome rabinsa. Faifai na asali sun fashe, Garba ya liƙe na ƙarshen da wuƙa mai zafi har ya gaji, sai da wani ɗan garinmu ya samo musu biyu a Ikko. Garban ne ke koyarwa yanzu, furfura ta fara fito masa a gemu, yana kama hannun yara yana ce musu su yafa irin shinkafa. A kakar bara shanun Yero suka shiga gonar rogon wani maƙwabcina, ɗansa ne ke kiwo. Tun mai gonar bai san an yi ba, Yero ya taso ɗan a gaba har ƙofar gida, ya tsaya daga baya, yaron ya faɗa da bakinsa. Aka je aka duba ɓarnar, aka daidaita kafin azahar, ko maigari bai ji ba sai daga baya.

Ƙauye ɗaya ne, kuma ban san ko wannan zai iya tare abin da nake hangowa ba. Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya sa ya huta. Abin da na sani shi ne, a da a nan wanda aka cuta ne ke zaɓa tsakanin ya yi kuka ko ya ɗauki sanda. Yanzu, a cikin waɗanda suka bi ta filinsa da 'ya'yansu, na ruga da na gari, wanda ya yi ɓarna shi ke fara magana.